Yadda Ake Shirya Tafiyar Hutu Zuwa Gana Ba Tare Da Biza Ba

Duk wanda ke riƙe da fasfon Najeriya yana iya tashi daga Kano ko Abuja ya sauka a Akra, babban birnin Gana, wanda tsofaffin fatake ke kira Ankara, ba tare da ya taka ƙofar ofishin jakadanci ba. Wannan sauƙi ne ya sa Gana ta dace da wanda bai taɓa fita waje ba kuma yake son ya fara. Sai dai sauƙin kan ruɗi mutane, domin da yawa na ɗauka cewa tunda babu biza, babu wani sharaɗi ke nan, alhali abin da aka yafe wa matafiyi shi ne neman izini tun daga gida kawai. Sauran tambayoyin, wato wane ne kai, ina za ka sauka, da me za ka ci da kanka, kuma yaushe za ka koma, duk suna nan suna jiran ka a gaban jami'in shige da fice.

Mataki na farko: sanin abin da doka ta ba ka

Tushen wannan dama ita ce ƙungiyar ECOWAS, wadda a Nijar aka fi sani da CEDEAO, da aka kafa a Legas ranar 28 ga Mayun 1975. A watan Mayun 1979 shugabannin ƙasashen suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a, wadda ta tanadi cewa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar zai iya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana da ingantacciyar takardar tafiya da shaidar allurar rigakafi. Wanda yake so ya wuce kwana 90 dole ne ya nemi ƙarin izini daga hukumar ƙasar da ya shiga. Yarjejeniyar ta kuma bar wa kowace ƙasa ikon hana shiga ga mutumin da dokarta ba ta yarda da shi ba, kuma wannan saɗara ce mutane suka fi mantawa da ita, duk da cewa da ita ake mayar da matafiyi gida.

Ƙasashen da suka rage a ƙungiyar goma sha biyu ne: Najeriya, Gana, Benin, Togo, Kwaddebuwa, Senegal, Gambiya, Gini, Gini Bisau, Laberiya, Saliyo da Kef Bad. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, amma a ranar ECOWAS ta sanar da cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarsu masu tambarin ƙungiyar, kuma 'yan ƙasashen za su ci gaba da shiga ba biza har sai an sake ba da sanarwa. Tunda wannan tsari ne na wucin gadi, mai fasfon Nijar ya kira ofishin jakadancin Gana ko kamfanin jirgin da zai hau ya tabbatar da halin da ake ciki kafin ya biya kuɗin tikiti.

Kwana 90 ɗin na ziyara ne, ba na buɗe shago ba. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan cinikayya a kasuwanni, kuma a kan wannan doka aka sha rufe shagunan 'yan Najeriya a Akra da Kumasi. Tarihi ma ya nuna cewa zumunci tsakanin ƙasashen biyu bai hana a tsaurara ba idan rai ya ɓaci: a 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙin da ba su da takardun zama, cikinsu har da ɗimbin 'yan Najeriya, a 1983 kuma gwamnatin Shagari ta yi irin haka ga 'yan Gana, daga nan jakar nan ta Gana-mas-go ta samo sunanta. Mai zuwa hutu ba shi da matsala da waɗannan dokoki, amma ya kamata kayansa da amsoshinsa su nuna cewa hutun ya kawo shi.

Mataki na biyu: takardu

Fasfo shi ne farko, kuma a duba shi tun kafin a fara maganar ranar tafiya. Ya kasance ya rage masa aƙalla wata shida kafin ya ƙare a ranar da za ka shiga Gana, kuma yana da shafukan da ba a buga wa komai ba. Wanda ba shi da fasfo zai cike fom a shafin intanet na Hukumar Shige da Fice ta Najeriya, ya biya kuɗi a nan, sannan ya je ofishin da ya zaɓa a ɗauki hotonsa da tambarin yatsunsa. Daga 1 ga Satumban 2025 kuɗin fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma naira 200,000. Abin da ya fi jinkirta wa mutanenmu fasfo shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin fom ɗin da bayanan lambar NIN, kamar a rubuta Muhammad a wuri ɗaya, Mohammed a wani, ko sunan uba ya zama sunan tsakiya. A gyara wannan tukuna, kuma a ba aikin wata biyu zuwa uku, kada a bari sai an sayi tikiti.

Akwai kuma takardar tafiya ta ECOWAS da ita ma hukumar ke bayarwa, wadda ta fi fasfo araha, tana aiki shekara biyu, a cikin ƙasashen ƙungiyar kawai. 'Yan kasuwar da ke bin mota suna amfani da ita sosai. A ganina wanda yake da hali ya yi fasfo, domin hatiman shiga da fita da suka taru a cikinsa su ne shaidar cewa mutum na tafiya yana dawowa kan lokaci, kuma wannan shaida na da amfani ranar da zai nemi bizar wata ƙasa mai nisa.

Takarda ta biyu ita ce katin allurar cutar shawara, wanda aka fi sani da yalo kad. Gana na neman sa daga duk matafiyin da ya kai wata tara da haihuwa, kuma ana duba shi tun kafin a isa teburin fasfo. Tun 2019 Najeriya ta koma sabon kati mai alamar da na'ura ke karantawa, don haka tsohon katin da aka rubuta da hannu a wani asibiti bai wadatar ba. Ana yin rajista a biya kuɗi ta intanet, a buga rasit, sannan a kai shi tare da fasfo ofishin kula da lafiyar matafiya na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, irin wanda ke filin jirgin Malam Aminu Kano da na Abuja da na Legas. Abu biyu ne ya kamata a riƙe a nan. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, saboda haka wanda ya yi ta ana jibi zai tashi tamkar bai yi ba ne. Sannan tun watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da cewa allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, ba a sabunta ta duk shekara goma kamar da. Akwai masu sayar da kati ba tare da allura ba, kuma wanda ya saya kansa ya cuta, domin cutar tana nan a dazuzzukan ƙasashen biyu kuma tana kisa. Mai juna biyu, da tsoho, da mai wata larura ta garkuwar jiki su fara ganin likita kafin a yi musu.

Mai tafiya da yara ya yi wa kowane yaro fasfonsa da katinsa, ya riƙe takardar haihuwa, idan kuma uba ko uwa ɗaya ne kawai zai tafi da su, a haɗa da rubutacciyar amincewar ɗayan. Jami'ai na tsananta bincike a wannan wuri saboda safarar mutane, kuma saboda wannan dalili matashiyar da ke tafiya ita kaɗai za ta iya fuskantar tambayoyi fiye da kowa, don haka ta riƙe katin aikinta ko na makaranta da cikakken adireshin inda za ta sauka. A ƙarshe a yi kwafin kowace takarda a ajiye a jaka daban, a ɗauki hotonsu a waya, a kuma bar kwafi ɗaya a gida wurin wanda za a iya kira.

Mataki na uku: zaɓen lokaci

Kudancin Gana na da damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma wajen Satumba zuwa Nuwamba. Watan Yuni ne ruwa ya fi ƙarfi, kuma a cikinsa Akra ke fama da ambaliya, don haka ba lokacin yawon buɗe ido ba ne. Agusta na da sanyi-sanyi a bakin teku kuma ruwa na tsagaitawa, ga shi ya dace da dogon hutun makarantu, shi ya sa na fi ba mai iyali shawarar wannan wata. Disamba kuwa, tun bayan shekarar 2019 da gwamnatin Gana ta yi gangamin gayyato baƙaƙen fatar Amurka da Karebiyan su ziyarci ƙasar kakanninsu, ya zama watan cunkoso da bukukuwa, otal da tikiti duk suna tashi. Wanda ba kiɗa da taro ya kai shi ba, ya jira tsakiyar Janairu ko Fabrairu, lokacin da farashi ya sauko kuma giwaye ke fitowa bakin ruwa a arewa.

A kuma saurari labarai, domin rashin biza bai hana a rufe iyaka ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, Gana ta rufe nata na kusan shekara biyu saboda korona, kuma ƙasashen yankin kan rufe iyaka a ranakun zaɓe.

Mataki na huɗu: jirgi ko mota

Daga Legas zuwa Akra tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgi, akwai kuma jiragen da ke tashi kai tsaye daga Abuja. Mutumin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri zai fara hawan jirgin cikin gida, kuma a nan ake yawan yin kuskure, domin idan tikitin biyu daban aka saya, jirgin farko ya yi jinkiri, kamfani na biyu ba ruwansa. A bar tazarar awa biyar ko shida tsakaninsu, ko ma a kwana a Abuja ko Legas. A Legas kuma tashar jiragen cikin gida daban take da ta ƙasa da ƙasa, sai an hau mota tsakaninsu. A sayi tikitin zuwa da dawowa tare, saboda tikitin dawowa ne hujja mafi ƙarfi cewa ziyara ka zo. A lura cewa agogon Gana na bayan na Najeriya da awa ɗaya, kuma lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da jirgin zai tashi ko zai sauka ne.

Hanyar mota ta fi araha, ta fi nuna ƙasa, ta kuma fi gajiyarwa. Daga Legas ana bi ta Badagiri zuwa iyakar Seme, a shiga Benin a ratsa Kwatano, a fita ta Hilakonji a shiga Togo, a bi bakin teku na kimanin kilomita 50 zuwa Lome, sannan a tsallaka Aflawo, wadda ke manne da Lome, daga nan kuma saura kusan kilomita 190 zuwa Akra. Gaba ɗaya tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba, amma takan cinye yini guda saboda iyakoki uku da shingayen bincike. Iyaka uku na nufin hatimi shida a zuwa, shida a dawowa, don haka mai fasfon da ya kusa cika ya yi lissafi. Manyan kamfanonin bas da ke zirga-zirga tsakanin Legas da Akra sukan tattara fasfon fasinjoji su kai a buga gaba ɗaya, abin da ke rage wa baƙo wahala da ƙananan kuɗaɗen da matafiya ke kokawa ana nema a hanya ba tare da rasit ba. Ko da haka ne, duk lokacin da aka dawo maka da fasfonka ka buɗe ka ga hatimin da idonka.

A kowace iyaka za ka haɗu da matasa da masu babur da ke cewa za su tsallakar da kai ta bayan gari ba sai an buga komai ba. Kada ka yarda, komai tsawon layi. Wanda ya shiga Gana ba hatimin shiga, a idon doka ya shigo ta ɓarauniyar hanya ne ko da ɗan ECOWAS ne, kuma ranar da zai fita ta filin jirgi babu abin da zai nuna. Mai son zuwa da motarsa kuma yana buƙatar inshorar ECOWAS da ake kira katin ruwan ƙasa, da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da takardun mota na asali, da izinin shigar da mota na wucin gadi daga kwastan na kowace ƙasa. Ga hutun kwana goma, wahalar ta fi amfanin yawa. Tsohuwar hanyar arewa da ke bi ta Yamai da Wagadugu ta sauko Paga da Tamale ita ce ta fi kusa da ƙasar Hausa a taswira, amma matsalar tsaro a gabashin Burkina Faso ta sa ba hanyar mai zuwa hutu ba ce a yanzu.

Mataki na biyar: guzuri

Kuɗin Gana sidi ne, ana raba shi zuwa fesewa ɗari, kuma babbar takarda ita ce ta sidi 200. Darajarsa kan hau ta sauka, saboda haka a duba farashin canji a makon tafiya, kada a dogara da abin da wani ya faɗa bara. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi dala tun daga gida, a kasuwar 'yan canji ta Wapa da ke Kano ko a banki, sababbin takardu masu tsabta na 50 da 100, domin shagunan canji a Gana na ba su farashi mafi kyau fiye da ƙananan takardu, kuma sukan ƙi karɓar wadda ta yage ko aka yi wa rubutu. A filin jirgi a canja kaɗan na mota da abincin ranar farko, sauran a canja a cikin gari a shagon da ke da lasin, a karɓi rasit. Mai bin mota ya tanadi 'yan sefa na ruwa da abinci a Benin da Togo. Game da katin banki na naira, a je banki a tambaya ko yana aiki a waje da iyakar abin da za a iya kashewa, domin bankuna sun sha dakatar da wannan hidima su dawo da ita. Duk wanda ke ɗauke da abin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinta dole ne ya bayyana wa kwastan, a Najeriya da kuma a Gana.

Akwai wani abu da ke rikita baƙo a kasuwa. A watan Yulin 2007 Gana ta cire sifili huɗu daga kuɗinta, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya, amma har yau wasu dattawa da 'yan kasuwa na faɗin farashi da tsohon lissafi. Idan mai sayar da atamfa ta ce miliyan ɗaya, sidi 100 take nufi. Matambayi ba ya ɓata, a nemi a rubuta adadin ko a nuna shi a waya.

Wajen kasafi a fara da manyan abubuwa uku, tikiti da masauki da sufurin cikin ƙasa, sannan abinci da kuɗin shiga wurare, tare da sanin cewa gidajen tarihi da gandun daji na karɓar kuɗi daga baƙo fiye da ɗan ƙasa. A ware kashi ɗaya cikin biyar na guzurin a ajiye gefe don ko-ta-kwana, a kuma sayi inshorar tafiya, domin inshorar lafiyar gida ba ta bin mutum waje.

Mataki na shida: masauki da layin waya

Kusan kowane Bahaushe na da wanda ya sani ko wanda ya san wani a Nima, ko Mamobi, ko Madina, ko Sabon Zango, ko zangon Kumasi, kuma sauka wurin ɗan'uwa al'adarmu ce. Amma jami'i ba ya karɓar “wajen wani ɗan'uwana a Nima” a matsayin adireshi. A karɓi cikakken sunan mai masauki, da lambar wayarsa, da unguwa da lambar gida, a rubuta a takarda, a kuma sanar da shi lokacin sauka don ya ɗaga waya idan an kira. Wanda zai sauka a otal ya kama ɗakin kwana biyun farko tun daga gida ya buga takardar shaida, sauran kwanakin ya zaɓa bayan ya ga gari. Unguwannin da ke kusa da filin jirgi da Osu da Is Legon sun fi tsada, Adabraka da Kokomlemle sun fi sauƙi kuma suna tsakiyar gari. Kada a tura wa wani kuɗin haya ta intanet don kawai ya nuna hotunan ɗaki masu kyau, kuma duk gayyatar da ta zo da alkawarin aiki mai albashin dala a yi hattara da ita, domin an sha yaudarar matasa da irinta a ƙwace musu fasfo.

Layin waya kuwa a saye shi a ofishin kamfanin, a yi rajista da fasfo, a kuma sa a buɗe masa asusun kuɗin waya, wanda 'yan Gana ke kira momo kuma da shi ake biyan kusan komai, daga tasi har mai sayar da ayaba. Soket ɗin lantarkinsu irin namu ne mai ƙafa uku, caja ba ta buƙatar wani ƙari. Lambar kiran gaggawa ita ce 112.

Mataki na bakwai: gaban jami'i

A ranar tafiya a sa fasfo, katin shawara, tikitin dawowa da adireshin masauki a jakar hannu, tare da biro. Kada a karɓi saƙon kowa a filin jirgi ko a tasha, ko da tsohuwa ce ta roƙa, sai an buɗe an ga abin da ke ciki. Mai shan magani na dindindin ya bar shi cikin kwalinsa ya haɗa da takardar likita, musamman magungunan ciwo masu ƙarfi irin su tiramadol da masu ɗauke da kodin. Tufafi masu launin kakin soja a bar su a gida, domin Gana ta haramta wa farar hula sa su.

Bayan an sauka za a fara duba katin shawara, sannan a bi layin 'yan ECOWAS. Amsoshi su zama gajeru kuma su yi daidai da takardu: hutu na zo, kwana goma, ga inda zan sauka, ga tikitin komawa. Da zarar an miƙo fasfo, kafin ka bar wurin, ka karanta ranar da aka buga da adadin kwanakin da aka rubuta, domin abin da ke cikin fasfon shi ne izininka, ba abin da ka ji an ce yarjejeniya ta tanada ba. Ka ƙidaya daga ranar shiga, ka rubuta ranar ƙarshe a waya. Idan rashin lafiya ko wani dalili ya tilasta ƙarin zama, a je ofishin Hukumar Shige da Fice ta Gana kafin wa'adin ya cika, domin wanda ya wuce wa'adi tara zai biya a bakin fita. Baƙon da zamansa ya kai jimillar kwana 90 a shekara kuma ana buƙatar ya yi katin shaidar baƙi na ƙasar.

Mataki na takwas: yadda za a raba kwanakin

Kwana goma sun isa a ga kudanci da tsakiya a natse. Ukun farko na Akra ne: makwancin Kwame Nkrumah, wanda aka sabunta aka sake buɗewa a 2023, da dandalin 'yancin kai mai baƙin tauraro da ke tuna ranar 6 ga Maris 1957, da tsohuwar unguwar masunta ta Jamestawun, da kasuwar Makola. Idan Juma'a ta riske ka, ka sallace ta a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina bisa salon masallatan Santambul aka buɗe a 2021. A cikin gari akwai Uber da Bolt, akwai kuma ƙananan bas da ake kira torotoro, masu arha amma masu buƙatar sanin gari. Kada a ɗauki hoton fadar shugaban ƙasa ko barikin soja.

Yammaci ɗaya a Nima ya cancanci a ware masa lokaci, domin a nan baƙo zai ga abin da fataucin goro ya bari. Kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar Gwanja zuwa Salaga da kanwa da tufafi da fatu su dawo da goro, kuma zangon da ayari ke sauka shi ne ya zama sunan unguwannin Musulmi a duk faɗin ƙasar. Alhassan Dantata ma ya yi fataucin goro daga wannan ƙasa, yana ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, wato Legas, kafin ya koma Kano ya shiga cinikin gyaɗa. Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka naɗa babban limamin ƙasa a 1993, asalinsa Bahaushe ne. Hausar zango ta sha bamban da ta Kano, ba ta cika bambanta namiji da mace ba, ta kuma ɗebo kalmomi daga Turanci da yaren Asante, amma ana fahimtar juna sarai, kuma ba ladabi ba ne baƙo ya zo yana gyara wa masu gida harshe. Abincin ma zai yi maka kama da na gida: wace, wato shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja, da tuwon zafi da miyar ayoyo, da kokon gero mai yaji da suke kira Hausa koko ana sha da ƙosai, da tsire da suke kira cicinga. A wajen zango kuwa a tambayi irin naman da ke cikin miya, domin ana cin alade a gidajen abinci da yawa. Banku, wato tuwon masara mai tsami, da gasasshen kifi da yajin shito mafita ce mai daɗi.

Daga nan a yi kwana biyu a Kef Kos, kimanin kilomita 150 yamma da Akra, tafiyar da cunkoson Kasowa kan mayar awa uku ko fiye. A nan da maƙwabciyarta Elmina, inda Turawan Fotugal suka gina ganuwa a 1482, ake ganin kurkukun ƙarƙashin ƙasa da aka tsare bayi kafin a tsallaka da su teku, kuma wuri ne da ya kamata a shirya wa yara zukatansu kafin a shiga. Kusa da nan akwai gandun dajin Kakum mai gadojin igiya bakwai da aka rataya a saman itatuwa, a je da sassafe kafin 'yan makaranta su cika wurin. Tekun wannan gaɓa na da igiyar ruwa mai ja, wanda ya saba da wankan kogi ko dam kada ya gwada ƙarfinsa da ita.

Kumasi na da nisan kusan kilomita 250 daga Akra, awa biyar zuwa shida a bas ɗin STC ko VIP, ƙasa da awa ɗaya a jirgi. A ga gidan tarihin fadar Manhiya, mazaunin Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na Biyu da ya hau gadon a 1999, da kasuwar Kejetiya, da garin Bonwire na masaƙan kente. Duk bayan mako shida, ranar Lahadi, ana bikin Akwasidae a fadar, inda sarki ke zama a bainar jama'a ana kawo gaisuwa, kuma wanda ya saba da zaman fada da hawan salla zai so ya daidaita ranarsa da wannan. Arewa, wato Tamale da gandun Mole da tsohon masallacin Larabanga da aka gina da laka, na buƙatar ƙarin kwana uku, kuma gara a je ta jirgi daga Akra.

Mataki na tara: dawowa

A kwana a Akra daren ƙarshe, kada a taso daga Kumasi ko Kef Kos ranar da jirgi zai tashi, kuma a isa filin jirgi awa uku kafin lokaci. A cire abin da ya rage a asusun momo, a canja sauran sidi zuwa dala tun a can, domin a gida ba za a same su da daraja ba. Tsarabar kente da atamfa da cakulan da man kaɗe ba ta da matsala idan ta tsaya a ta amfanin gida, amma a riƙe rasit, domin idan yadi ya yi yawa kwastan za su ɗauke shi a matsayin kayan sayarwa. A tabbatar an buga hatimin fita na Gana da na shigowa Najeriya. Katin shawarar kuma a maƙale shi cikin bangon fasfo, domin shi ɗin dai za a sake nema a Dakar ko Banjul ko Abijan.